Ƙarar "shiiii" da gurnani a bayan murya: ta ina zan fara gyara?

Maman Ilham, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum. Masana sauti na wannan zaure, don Allah ku taimaka min. Ina naɗar shiri na minti ashirin a gida kan tarbiyyar yara, ina tura wa gidan rediyo, ina kuma ɗora shi a YouTube. Kayan aikina su ne makirfo BM-800, saunkad V8 da ke shiga laftof ta ramin hedifon, sai manhajar Audacity. Ɗakin tayil ne, rufin kwano da silin na roba, taga tana kallon titi. Da zarar na yi shiru sai a ji "shiiii" a baya, wani lokaci har da "buuuu" mai nauyi. Idan na sa Noise Reduction ƙarar takan tafi, amma muryar sai ta koma kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Makirfon zan canza ko ɗakin zan gyara? Kuɗin da ke hannuna ba zai kai duka biyun ba.

Injiniyan Gangare

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sayi komai tukuna. Ƙara iri uku ce ta haɗu miki, kowacce da tushenta, kuma maganin ɗaya ba ya warkar da ɗaya. Ki fara raba su.

Ki buɗe Audacity, ki bar maɓallan V8 yadda kika saba, ki naɗi shiru na daƙiƙa talatin sau huɗu. Na farko yadda komai yake. Na biyu ki zare cajar laftof da ta V8, su yi aiki da batir. Na uku ki ƙara da kashe fanka da firji, ki rufe taga. Na huɗu ki naɗe kan makirfon da bargo mai kauri. Ki saurare su da hedifon, ba da lasifikar laftof ba, domin ita ba ta iya fitar da sauti mai nauyi. Abin da ya ɓace a na biyu daga wuta yake. Abin da ya ɓace a na uku daga ɗaki da titi yake. Abin da ya rage a na huɗu, wannan "shiiii" ɗin, kayan ne da kansu suke haifar da shi. Idan kina son gani da ido, ki zaɓi shirun ki shiga Analyze, sannan Plot Spectrum. Tsini a kan 50 da 100 da 150 alamar wuta ce, tun da lantarkin Najeriya a kan 50 Hz yake tafiya, wato yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Layin da ya shimfiɗe har sama ba tsini, shi ne na kayan.

Game da "shiiii" kuwa, duk na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti tana da ɗan nata amon. Idan muryar da ta shiga mai rauni ce, dole a murɗa maɓalli sama, amon ya tashi tare da ita. BM-800 ta kebul mai siririn kai sautinta rauni gare shi, yawancin V8 ɗin kasuwa ba sa ba da wutar bolt 48 da ake ciyar da irin wannan makirfo da ita, sannan daga V8 kin sake bi ta ramin hedifon na laftof, wanda shi ne mafi ƙarar duka. Wuri uku ke nan ana ƙara ƙarfi, kowanne yana zuba nasa.

Ki shiga saitin sauti na Windows, wajen Recording, ki buɗe Properties na makirfon, sannan Levels. Idan Microphone Boost yana kan +20 ko +30, ki mayar da shi sifili, ko +10 in ya zama dole. A kan V8 ki kashe Echo gaba ɗaya, Treble ya tsaya a tsakiya, domin ƙara Treble ƙara "shiiii" ne kai tsaye. Sai babban abin, wanda ba ya cin ko sisi: ki matso. Duk lokacin da aka rage tazarar baki da makirfo zuwa rabi, murya tana ƙaruwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ƙarar baya kuwa tana nan inda take. Daga santimita 40 zuwa 10 kin samu desibel 12 kyauta. Ki bar tazarar yatsu huɗu zuwa biyar, ki karkatar da makirfon kaɗan zuwa gefen baki don kada iskar "f" da "b" ta buge shi, ki sa soson bakinsa. BM-800 ta gefe take ji, gefen da ke da tambari, ba ta ƙoƙon kai ba. Da yawa suna magana ta saman, sannan su yi mamakin raunin sauti.

Ma'aunin da za ki bi: idan kina magana, mitar Audacity ta riƙa taɓa tsakanin desibel -12 da -6. Idan kin yi shiru ta sauka -60 ko ƙasa da haka. Idan shirunki yana -50, manhaja za ta iya sharewa ba tare da an gane ba. Idan yana -40, duk abin da zai share shi sai ya ci muryar.

Mai Waya na Dilimi

Injiniya ya gama da "shiiii", bari in ɗauki "buuuu". Hajiya, idan ya tafi da kika zare caja, to magana ta ƙare: ki cika batir kafin naɗi, ki yi minti ashirin ɗinki ba tare da komai a jikin soket ba. V8 na da nasa batirin, kada ki naɗa yana caji. Cajar laftof ta gwanjo ko jabu, musamman mai ƙafa biyu, tana watsa ƙara mai kaifi cikin kebul ɗin sauti, har in kin motsa linzamin kwamfuta za ki ji sautin ya canza.

Idan dole sai da wuta, duk kayan su sha daga soket ɗaya. Laftof a bango ɗaya, lasifika ko miksa a wani bangon, kebul ɗin sauti ya haɗa su, nan ne wuta ke samun hanya biyu zuwa ƙasa, sai gurnani ya biyo. Kebul ɗin makirfo kada ya kwanta kusa da na wuta ko kan sitabilaiza. In sai sun haɗu, su gitta juna, kada su jera. Za ki ji wasu na cewa a karye ƙafa ta uku ta fulogi, gurnanin zai tafi. Yakan tafi, amma wannan ƙafar ita ce ke kare mutum idan wuta ta zubo jikin na'ura, ga kuma makirfo na ƙarfe dab da baki. Don Allah kada ki yarda. A kira mai gyaran wuta ya duba ko wayar da ake binnewa a ƙasa tana aiki a gidan, domin gidaje da yawa ramin na uku na soket fanko ne.

Inbata ma iri biyu ce. Mai arha, wadda aka rubuta modified sine wave a jikinta, wutarta a datse take fitowa, tana sa "zzzz" da ke bazuwa ko'ina cikin sautin. Ta pure sine wave ba ta yin haka. Ƙaramin janareta kuwa matsala biyu ne: ƙarar injin ta iska, sannan gudunsa yana hawa da sauka gwargwadon nauyin da ke kansa, don haka gurnanin ba ya tsayawa daidai kan 50, matatar sauti ta manhaja da aka saita a 50 don cire shi sai ta riƙa kuskure shi. Wayar hannu kuma ki sa ta a yanayin jirgi ko ki ajiye ta nesa, ita ce mai "dit-dit-dit" ɗin nan kafin kira ya shigo.

Aunty Hauwa, Rikkos

Ƙanwata, kafin wani ya ce miki ki manna kiret ɗin ƙwai a bango: ba ya tare ƙarar titi, amsa-kuwwar ma kaɗan yake ragewa, ga shi abin kama wuta. Tare ƙarar waje daban, kashe amsa-kuwwar ɗaki daban. Ƙarar waje nauyi ne ke tare ta da toshe kafofi. Ki cusa tsumma ko tawul a ƙarƙashin ƙofa, ki liƙe gefen taga da soson roba mai gam, ki rataya bargo biyu a kanta. Zai rage hon ɗin Keke Napep da muryoyin masu wucewa, amma rugugin tirela a Bauchi Road sai dai a kauce masa da lokaci, ko a koma ɗakin da ba ya kallon titi.

Amsa-kuwwa ita ce mai sauƙi. Ki tsaya tsakiyar ɗakin ki tafa hannu sau ɗaya. In kin ji ƙarshen tafin yana ringi, tayil da bango ne. Ki shimfiɗa kafet, ki jingina katifa a bangon da ke bayanki, domin makirfon fuskarki yake kallo, abin da ya dawo daga bayanki shi yake kwasa. Ki buɗe wadirof mai cike da kaya ki zauna kina fuskantarsa. Barguna masu nauyi na gwanjo suna nan a kasuwar Katako, kuma in kin rataya su ki bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsu da bango, sun fi sha a haka.

Mu a Jos Allah ya yi mana gata da sanyi, za a iya kashe fanka a rufe ɗaki na rabin awa ba a jigata ba, abin da mutanen Abuja ba za su iya ba a watan Maris. Namu ciwon kan ruwan sama ne a kan kwano, musamman Yuli da Agusta, kuma Noise Reduction ba ya cire shi da kyau saboda bugunsa ba iri ɗaya ba ne. Ki naɗa da safe bayan an tafi makaranta, ko da dare bayan isha'i idan lasifikokin unguwa sun yi shiru. A damina ki riƙa ajiye makirfon cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, domin laima tana sa irin wannan makirfon ƙaraf-ƙaraf.

In kuɗin ya samu, ni dai makirfo nau'in dainamik, wanda ake magana dab da shi, nake ba da shawara, irin Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x. Ana manna musu baki, suna shiga laftof kai tsaye ta USB, kin huta da V8 da ramin hedifon gaba ɗaya.

Maman Ilham, Unguwar Rogo, Jos

Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwajin. Da na zare caja "buuuu" ya tafi. Boost yana kan +30, na mayar +10, na matso. Yanzu shirun yana wajen -54. Saura yaya zan yi da ɗan abin da ya rage?

Editan Farin Gada

Madalla, Hajiya, -54 abin aiki ne. Yanzu Noise Reduction zai yi abin da aka yi shi dominsa. Abin da ya ɓata miki murya a da shi ne neman ya cire desibel 20 ko 30 a tashi ɗaya. Manhajar tana rarraba sautin gida-gida, tana danne duk gidan da ya yi kama da ƙarar da aka nuna mata, to "s" da "sh" da "ts" na maganarmu a unguwa ɗaya suke da "shiiii". In aka matsa mata sai ta haɗa da su.

A farkon kowane naɗi ki bar daƙiƙa goma na shiru, kina zaune a wurinki, ba motsi, ba jan numfashi kusa da makirfo. Na yau ba zai yi wa gobe aiki ba, kowace rana da nata. Bayan kin gama, ki fara da High-Pass Filter, matatar da ke rage sauti mai nauyi, a kan 100 Hz, gangaren (Roll-off) desibel 12 ko 24. Muryar mace ba ta da abin kirki a ƙasa da nan. Namiji mai kauri ya tsaya a 70 ko 80. Wannan kaɗai yana kwashe rugugin mota da ragowar 50. Idan Plot Spectrum ya nuna tsini a 150, ki sa Notch Filter, matatar da ke cire tsini ɗaya kawai, a kansa da Q (sirantar matatar) na 10.

Sai ki zaɓi shirun nan, ki shiga Noise Reduction, ki danna Get Noise Profile. Ki zaɓi dukan naɗin, ki koma ki sa 8 a layin farko, 6 a Sensitivity, 3 a Frequency Smoothing. Kafin ki amince, ki zaɓi Residue ki danna Preview ki saurara: abin da za a zubar ke nan. In kin ji kalmominki a ciki, ki rage lambar farko, sannan ki mayar kan Reduce kafin ki amince. Desibel 8 daga -54 ya kai ki -62, ya wadatar.

Compressor yana zuwa bayan wannan, ba kafinsa ba, domin aikinsa danne mai ƙarfi ne sannan a ɗaga duka, ƙarar baya ma ta taso. Ki tsaya a 2:1 ko 3:1. Ƙarshe Loudness Normalization: -16 LUFS (ma'aunin ƙarfin dukan shirin) ya dace da intanet, gidan rediyo kuma ki tambayi mai kula da sautinsu matakin da suke so. Ki fitar da WAV a 48000 Hz, in ta WhatsApp za ki tura, ki tura a matsayin Document don ya isa yadda yake.

Ranar da za ki yi kai tsaye ta OBS, manhajar watsa shiri kai tsaye, matatun da ke kan makirfo su jeru haka: Noise Suppression a kan RNNoise, sai Noise Gate, sai Compressor, sai Limiter a -2.

Injiniyan Gangare

Malam Edita, na yarda da jerin, sai dai Noise Gate ina da ja. Ba ya cire ƙara, rufe ƙofa kawai yake idan an yi shiru, da ta buɗe baki ƙarar ta dawo tare da muryar, kuma kunne ya fi lura da ƙarar da ke zuwa tana tafiya a kan wadda ke zaune. Ga shi OBS yana zuwa da shi a saite yana rufewa a -32, wanda ya yi tsauri ga mai magana a hankali, sai ya riƙa guntule wasalin ƙarshen kalma. Hajiya, in za ki sa shi, ki sauke Close Threshold zuwa wajen -48, Open Threshold -42, Release kuma ki kai shi 250. Ko ki bar shi ki ɗauki Expander a 2:1, shi yana sassauta ƙarar ne a hankali ba ya datsewa. Ki gwada da jimlar da kika fi faɗa a hankali, irin sallamar rufe shiri, in ƙarshenta ya fito cikakke to saitin ya zauna.