Masu manyan mashina na Jos da Abuja, yaya kuke fama da nauyinsu?

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abokin kasuwancina ya yi mini tayin Honda Gold Wing na hannu, ƙirar 2008, wanda aka shigo da shi daga Amurka. Na je na gani, na zauna a kai, amma ban yarda na ɗaga shi daga kan ƙafarsa ba. Tun ina saurayi nake hawan mashin, daga Jincheng har Boxer, sai dai wannan wani abu ne daban. Niyyata in riƙa zuwa Abuja da shi, wani lokaci Bauchi, ranar hutu kuma in goya uwargida mu zaga ta Rayfield. Masu irinsa da waɗanda suka taɓa riƙewa, don Allah ku ba ni labarin abin da ya same ku a kansa. Zancen dillalai na riga na sha.

Alhajin Gwarimpa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, irinsa nake hawa, nawa ƙirar 2012 ne. Idan tanki ya cika, mashin ɗin ya haura kilo 400, wato buhun siminti takwas ke nan a kan taya biyu, kai ne kuma mai riƙo. Boxer ɗinka bai fi kilo ɗari da 'yan kai ba. Amma da zarar tayoyi sun fara juyawa sai ka nemi nauyin ka rasa. Injinsa mai silinda shida a kwance yake can ƙasa, uku dama uku hagu, tankin mai kuma yana ƙarƙashin kujera. Shi ya sa ba ya rinjayarka ta sama. A titin filin jirgi ko na Kubwa, da asuba kafin motoci su fito, ban san abin hawan da ya kai shi daɗi ba. Gilashin gaba ya tare maka iska, injin ba ya jijjiga, ka yi ta tafiya baya bai yi ciwo ba.

Wahalar duk tana wurin tsayawa, da juyawa a lungu, da fakin. Ka kiyaye abu ɗaya tun ranar farko: kan mashin na karkace, kada ka damƙi birkin hannu. Nan take zai kwanta, kuma in ya wuce wani mizani babu ƙarfin da zai tare shi, gara ka janye ƙafarka ka bar shi ya tafi. A tafiyar sannu birkin ƙafa da kuloci ne abokan aikinka, idonka kuma ya kasance inda kake son zuwa, ba ƙasa ba.

Fakin ma sai da lissafi. Kafin in kashe inji sai na duba ta ina zan fita. Ba na sa kansa ya kalli gangara, kullum sama yake kallo, kuma a cikin giya nake barinsa. Yana da ribas, tun ƙirar 1988 suka sa masa, da sitata yake aiki, a hankali yake ja. Yana fitar da mutum kunya a gaban masallaci ranar Juma'a, amma ba zai fid da kai daga yashi ba.

Dogo mai GS:
Alhaji ya faɗi gaskiya, amma titin filin jirgi yake ba ka labari. Kai Jos kake. Daga Keffi zuwa Akwanga lafiya lau tunda aka mayar da hanyar tagwaye. Daga Akwanga ka kama hanyar Gwantu zuwa Forest fa? Tsakanin cikin Gold Wing da ƙasa bai wuce santimita 13 ba. Rami ɗaya mai kaifin baki, ko irin tudun rage gudu da mutanen gari ke ginawa da kansu, sai ka ji ƙasan ya daki kwalta. Ni BMW R1200GS Adventure nake hawa. Wajen kilo 260 ne, tanki lita 30, tayar gaba inci 19, kuma shokozobansa dogaye ne. Inda kwalta ta ƙare na miƙe tsaye a kan matakai na wuce abina. Na shiga ƙauyukan bayan Shere da shi da damina.

Sai dai shi ma yana da nasa sharaɗin: kujerarsa ta kai santimita 89. In ba dogo ba ne kai, da ɗan yatsan ƙafa za ka riƙa tsayawa, kuma in tankin ya cika nauyin a sama yake.

Ɗan Rikkos:
Ai kuwa ni ba dogo ba ne, Malam Dogo.

Alhajin Gwarimpa:
To ka ga, kujerar Gold Wing santimita 74 ce. Tafin ƙafarka duka biyu za su taka ƙasa.

Baban Ilham, Bukuru:
Ni zan yi maganar Hawan Kibo, domin duk wanda zai je Abuja ta nan sai ya bi shi. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, Abuja kuwa tana can ƙasa sosai, kuma babban rabon saukar a wannan gangara ake yin sa bayan ka wuce Riyom. Mashin mai kilo 400, ga kai, ga goyo, ga akwatuna cike da dankali da kabejin tsaraba, kun tasam ma kilo 600. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa zai ji birkin ya yi laushi kafin ya kai wajen Assop, saboda man birki ya yi zafi. Ni giya ta uku nake sawa, a kwana mai tsanani in koma ta biyu, inji ya riƙe mini, birki kuma in taɓa in saki. Madubi ba ya barin idona, don tirela da tanka da birkinsu ya tsinke su ne suka yi wa wurin suna. In na hango babbar mota a bayana tana matsowa, na gwammace in samu wuri mai faɗi in ba ta hanya. Sannan a kula da man gas da manyan motoci ke zubarwa a kwana, musamman bayan yayyafi. Da dare kuwa ba na bin wurin ko da kuɗi.

Abu na biyu shingen bincike. A shekarun da aka tsananta tsaro a garin nan, akwai shingayen da doka ita ce mai mashin ya sauka ya tura. Na taɓa isa wani da ke kan ɗan tudu, jami'in ya ce in sauka. Na ce yallaɓai, na ji, amma zo ka kama mini. Ya kama kan mashin ɗin ya ji yadda yake, ya kira abokin aikinsa suna dariya, suka ce in hau in wuce a hankali. Ba kullum ake dacewa da masu dariya ba. Kuma tun da aka hana acaba a Jos da Bukuru a 2012, zamanin gwamna Jang, kamar yadda aka hana a tsakiyar Abuja a 2006, takan faru a tare ka a tambaya ko dokar ta shafe ka. Ka riƙe takardunka cif: na kwastan, na rajista, inshora, da lasisi ajin A. Ka cire hular kwano ka gaishe su su ga fuskarka. Rabin rigimar a nan take mutuwa.

Maman Sadiq:
Tunda ka ambaci uwargida bari in sa baki. Maigidana yana da irinsa, ni ce 'yar goyo. Wurin zaman baya yana da majingina da wurin ɗora hannu, har gyangyaɗi nakan yi a hanyar Bauchi, shi kuma ya riƙa taɓa gwiwata don in farka. Amma ka gaya mata tun yanzu, zaman gefe ɗaya irin na acaba ba ya yiwuwa. Dogon wando ake sawa a ciki, doguwar riga a tattare ta, mayafi ko hijabi a cusa cikin jaket don kada iska ta ja shi wajen taya. Hawa da sauka kuma sai ya ce bismillah, ya kafa ƙafafunsa ya riƙe birki. Matar da ta taka matakin nan ba tare da mijin ya shirya ba, su biyun za su kwanta a ƙofar gida, yaran unguwa na kallo. A kwana kada ta yi ƙoƙarin miƙewa don tsoro, ta bi jikinsa kawai.

Ka saya mata hula tata, daidai kanta. Kuma lokacin hunturu, fita daga Jos da sassafe, safar hannu da rigar sanyi biyu.

Injiniya na Kubwa:
Nawa na Amurka ne mai manyan silinda biyu, wanda iska ke sanyaya shi. A buɗaɗɗiyar hanya babu ruwanka. Amma ka shiga gosulon Nyanya da Mararaba da yamma a watan Maris, zafin injin yana dukan cinya har sai ka ji wando na neman ƙonewa, hannun hagu ya gaji da matsa kuloci. Kuma ka manta da kutsawa tsakanin motoci irin na 'yan acaba, faɗin akwatunan gefe ba zai bari ba. Kana nan a layi tare da masu mota, su suna cikin sanyi kai kana rana. Naka mai lagireto ne, zai fi nawa haƙuri, amma in fanka ta tashi iskar zafi za ta same ka. Ni yanzu in zan tafi Jos, ana idar da sallar asuba nake fita, kafin gari ya waye na wuce Masaka.

Mai kuma, tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa lissafi yake. Abokan tafiyata masu Gold Wing suna samun kilomita 15 zuwa 17 a lita in ba su matsa masa ba. Tankinsa lita 25 ne, Jos zuwa Abuja kuma bai kai kilomita 300 ba, tanki ɗaya zai kai ka. Ka cika a gidan man da ka yarda da shi, ka rabu da 'yan bumburutu.

Makanikin Dilimi:
Oga Ɗan Rikkos, kafin ka biya ko sisi ka bari a duba. Yawancin waɗanda ake shigowa da su sun daɗe a ajiye a can, wasu kuma sun yi hatsari aka sayar da su gwanjo. Na fi damuwa da tayoyi. Za ka ga zanen taya da sauransa, amma robar ta bushe. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara: 2316 na nufin sati na 23 a 2016. In ta haura shekara biyar ko shida, sa kuɗin sababbi cikin ciniki. Ta gaba 130/70R18 ce, ta baya 180/60R16, kuma ba za ka same su wurin masu kayan Boxer ba, sai an aiko daga Legas ko waje, da farashin dala. Iskar taya a ma'aunin PSI, 36 a gaba, 41 a baya, ka sayi ma'auninka don na masu faci ba ya faɗin gaskiya. Tayoyin ba su da tiyub, saboda haka ɗan kayan toshe huda da ƙaramin famfo su zauna a akwati.

Ba shi da sarƙa, farfela ce ke juya tayar baya, wannan ya rage maka aiki, sai dai a duba ko mai na yoyo a wurin. A duba ƙasan inji da ƙarafan kariya na gefe, su ke tona asirin faɗuwa. Man birki a canza shi duk shekara biyu, a sa nau'in da aka rubuta wa DOT 4, don yana shan danshi, shi ne abin da Baban Ilham ke faɗa. Sai aikin hannu: canza matatar iska kaɗai sai an kwance robobin sama da yawa, aikin sa'o'i ne. Yaron da bai saba ba zai karya maka maƙalan robobin, ka dawo mashin na ƙara ta ko'ina.

Dogo mai GS:
Nawa ma sai an jona masa kwamfuta kafin a san ciwonsa, wurin makanikan Apo a Abuja nake kai shi. A nan kam mun yi kunnen doki.

Ɗan Rikkos:
Na gode ƙwarai. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, in ya kwanta ina ni kaɗai a hanyar Toro, yaya zan yi?

Alhajin Gwarimpa:
Zai kwanta, wannan kada ka sa shakka, kowa nasa ya taɓa kwanciya, galibi ma a tsaye. Sa'ar da aka yi, ƙarafan kariya na tare shi, ba ya shimfiɗewa ƙasa gaba ɗaya. Kashe inji, tabbatar yana cikin giya. In ta dama ya faɗi, fara buɗe ƙafar jingina don kada ka ɗaga shi ya zarce ta ɗaya gefen. Juya masa baya, ka sa ƙugunka a gefen kujera, hannu ɗaya ya kama kan mashin na ɓangaren ƙasa, ɗayan ya kama mariƙin baya. Sai ka riƙa takawa da baya kaɗan-kaɗan, cinyoyi ke aikin, ba gadon baya ba. Na ga mutumin da ya haura sittin ya tashe shi haka. Ka gwada a gida kan ciyawa, da mutum biyu a kusa, kafin ka buƙace shi a daji. In jama'a suka taru taimako, nuna musu inda za su kama, in ba haka ba wani zai ja madubi ko murfin akwati ya ɓalle a hannunsa.

Ka kuma ajiye ɗan faifan ƙarfe ko katako a aljihun gaba. Ƙafar jingina na nutsewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa da kwaltar da rana ta narkar, ka shiga cin abinci ka fito ka tarar da shi kwance.

Makanikin Dilimi:
Na manta batir. Ba shi da kik, kuma sanyin Disamba da Janairu na garin nan yana kashe batir mai rauni cikin dare ɗaya. Tura wannan mashin don ya tashi ba aikin mutum ɗaya ba ne. In zai yi sati biyu ba a hau ba, a jona masa ƙaramar caja ko a cire kan batir. Ka tambayi mai shi ranar da za mu zo, kuma ka ce kada ya tayar da shi kafin mu iso, ina son in ji yadda yake tashi da sanyinsa.