Neman kalmar Hausa: me za mu kira "stereo" na jirgin ruwa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da masu sana'a a kan wata kalma da ta tsaya mini a aikin fassara. An ba ni ɗan littafin da ke bayanin yadda ake cire tsohon abin da Bature ke kira "stereo" daga ƙaramin jirgin ruwa mai inji, a kafa sabo, sannan a bi diddigin matsala idan ya ƙi aiki, kuma waɗanda za su karanta fassarar masu gyara ne. Na lura kalmar tana ɗaukar ma'ana uku a littafin. A wani wuri ana nufin akwatin nan mai maɓallai da ake kafawa kusa da sitiyari, wanda ke kama tashoshi, ya karɓi filash, ko ya haɗu da wayar hannu ta Bluetooth. A wani wurin ana nufin akwatin tare da lasifikoki da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da wayoyinsu gaba ɗaya. A wuri na uku kuwa ana nufin yadda sautin kansa ke rabuwa gida biyu, dama da hagu. Idan na rubuta "sitiriyo" a duk wuraren ukun ni kam na huta, sai dai mai gyaran da ya karanta cewa "sitiriyo ba ya aiki" ba zai san ko akwatin ne ya mutu, ko wayoyin ne suka tsinke, ko kuwa gefe guda ne kurum ya yi shiru ba.

Tsohon ma'aikacin gidan rediyo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ma'ana ta ukun ita ce ta asali, sauran biyun daga baya suka rataya a jikinta. Kalmar ta fito ne daga Girkanci, inda tushenta ke nufin abu mai jiki, wanda ke da kauri da zurfi, domin an ga cewa idan sauti ya zo ta hanyoyi biyu daban-daban mai sauraro yakan ji kamar makaɗan suna jere a gabansa, wannan can dama, wancan can hagu. Injiniyan da ya yi rajistar dabarar a Ingila a 1931, Alan Blumlein na kamfanin EMI, bai ma yi amfani da wannan kalma ba; sunan da ya ba ta yana nufin ji da kunne biyu ne. Faya-fayen garmaho masu irin wannan sauti sun bazu a kasuwar Amurka a 1958, tashoshin FM na can kuma suka fara watsa shi a 1961, daga nan ne jama'a suka riƙa kiran akwatin da sunan sautin da yake fitarwa.

Shawarata ita ce a ce "sauti mai kunne biyu". Amma ban ga abin kunya a aro ba. Garmaho da rikoda da lasifika da rediyo duk baƙi ne da suka zama 'yan gari, kuma ko da yake muna da amsa-kuwwa, wadda kalma ce kyakkyawa, wanda ya shiga kasuwa zai saya lasifika yake tambaya.

Malamar Hausa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da tarihin, amma ina da ja a kan "mai kunne biyu", domin a Hausa "mai" yana nuna wanda ya mallaki abu, kuma mai sauraro ne ke da kunnuwan, sautin ba shi da su. Ban da haka, garmaho da rikoda sun zauna ne saboda kowace ɗaya abu guda take nufi, alhali wannan kalma ta zo mana da kaya uku a kai. Ni a ganina kada mu tilasta wa kalmar Hausa ɗaya ta ɗauki abin da ya riga ya rikita masu harshen.

Ma'ana ta biyu ba ta bukatar ƙirƙira, domin tuni masu harkar biki da wa'azi suke cewa "kayan sauti" idan suna nufin akwati da lasifikoki da wayoyi a haɗe, saboda haka "kayan sautin jirgin ruwa" ya wadatar. Ma'ana ta farko ma akwai abin da ake cewa: direba ba ya kiran na motarsa da wani suna sai rediyo, ko da kuwa rabonsa da kama tasha ya daɗe. Ta ukun ce ke neman sabon suna, kuma abin da nake kawowa shi ne "tagwayen sauti", kishiyarsa kuma, wato sautin da ke zuwa ta hanya ɗaya ko da lasifika nawa aka jona, a ce "tilon sauti". Kunnen Bahaushe ya riga ya saba da "tagwayen hanyoyi" a labarai, saboda haka ba za a yi ta bayani ba.

Mai gyaran wutar mota da jiragen ruwa:

Malama, a gafarce ni, ni ba malamin harshe ba ne, amma zan gwada kalmomin a kan aikin, tunda a nan za su zauna ko su faɗi.

Na farko, "rediyo" kawai zai kawo ruɗani a jirgi, abin da ba ya faruwa a mota. Yawancin jiragen da ake sa wa waɗannan kaya suna ɗauke da wani rediyon daban na magana, wanda matuƙi ke kiran tashar ruwa ko wasu jirage da shi, yana aiki a zangon da ya fara daga megahaz 156, kuma layinsa na 16 shi ne na neman agaji a duk duniya. Na kiɗa kuwa FM yake kamawa, daga megahaz 87.5 zuwa 108. Kowane da eriyarsa, kuma idan littafi ya ce "cire fiyus ɗin rediyo" yaro ya je ya cire na magana, an bar jirgi a tsakiyar ruwa babu hanyar kiran kowa. Dole a bambanta su.

Na biyu, ina tsoron "tagwaye" zai sa mutum ya ɗauka lasifika biyu ake nufi, alhali akwatin da aka fi sayarwa wayoyin lasifika takwas ne ke fita daga bayansa, na lasifika huɗu: farare na gaba ta hagu, masu ruwan toka na gaba ta dama, koraye na baya ta hagu, masu ruwan shunayya na baya ta dama, kuma a kowace biyu wadda ke da baƙin zane ita ce ta nagatif.

Malamar Hausa:

Malam, batun rediyo biyu hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. To a ce "rediyon kiɗa" da "rediyon magana", kuma inda littafin ke son ware akwatin daga sauran kayan a ce "uwar rediyo", kamar yadda muke cewa uwar ƙungiya ko uwar jiki idan muna nufin babban ɓangaren da sauran ke rataye da shi. Amma a kan tagwaye ban janye ba. Abin da aka tagwaita sautin ne, lasifika huɗun kuwa layi biyu suke rabawa, na gaba da na baya ta hagu abu ɗaya suke faɗa, haka ma na dama. Idan aka rubuta "layin dama" da "layin hagu" tun a shafin farko, ba wanda zai ƙirga akwatuna.

Mai gyaran wutar mota da jiragen ruwa:

Haka ne, Malama, kuma da "layi" ɗin zan iya koya wa yaro aiki. Idan layin hagu ya yi shiru, sai a musanya wayoyinsa da na dama a bayan uwar rediyo: in shirun ya tsaya a kan lasifikar da ta yi shiru tun farko, to ita ce ko wayarta, in kuwa ya koma ɗaya gefen, to daga uwar ne.

Amma tunda mai tambaya fassarar littafin duka zai yi, akwai kalmar da ta fi wannan haɗari, ita ce wadda Bature ke rubutawa "ground", mu kuma a gareji muke cewa at. A mota ma'anarta a fili take, domin jikin motar ƙarfe ne kuma an ɗaure shi da nagatif ɗin batir, saboda haka duk inda ka sami ƙusa mai tsabta ka ɗaure baƙar waya, wuta ta sami hanyar komawa. Jirgin katako ko na faiba ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan, wanda ya ɗaure baƙar wayar a ƙusar da ke jikinsa zai kwana yana zargin sabon akwati alhali da'irar ce ba ta rufu ba. Jirgin alminiyam ko na ƙarfe kuwa zai ɗauki wutar, akwatin ma ya kama, amma ba a yarda a yi haka ba, saboda wutar da ke bi ta jikin jirgi a cikin ruwa tana cin ƙarfen a hankali. A jirgi dole baƙar wayar ta tafi da ƙafarta har zuwa sandar da ake tara wayoyin nagatif, ko kan batir ɗin kansa. Don haka idan aka fassara kalmar da "ƙasa" ko "jiki" an ɓatar da mai karatu, idan aka bar ta at kuma wanda ya koyi aiki a kan mota zai yi abin da hannunsa ya saba.

Ga kuma tarkon launi, wanda shi ne ya fi ƙona kaya. A bayan uwar rediyo, waya mai ruwan ɗorawa fositif ce, ita ke kawo bolt 12 a kowane lokaci domin akwatin ya riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye, ja ita ce mai kawo wuta idan an murɗa makulli, baƙa kuma nagatif. Amma ƙungiyar ABYC ta Amurka, wadda ke tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa tun 1954, ta amince a yi amfani da ruwan ɗorawa a matsayin nagatif a wayoyin jirgi, domin kada a rikita ta da baƙar wayar wutar gida, wadda a can ita ce mai rai. Saboda haka a jirgi da yawa ruwan ɗorawar jirgi nagatif ce, ta rediyo kuma fositif, wanda ya haɗa launi da launi ba tare da ya sa mita ba, in ya yi sa'a rediyon ne kawai zai ƙi kamawa, in kuma ya ci gaba da jone-jone da ka, fiyus ya tafi ko abin da ya fi fiyus tsada.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, Malam. Littafin ya ambaci wannan tarkon a layi ɗaya, yanzu na ga ya cancanci a fito da shi fili. Me za a ce game da "wayar komawa" a madadin at? Kai da kanka ka ce wuta ta sami hanyar komawa.

Tsohon ma'aikacin gidan rediyo:

"Wayar komawa" ta yi, domin sunan da kansa yana tambayar mai aiki: komawa ina? Ita kuwa amsar batir ce. Sai dai ina ba da shawara a karon farko a rubuta "wayar komawa, wadda ake kira at a gareji", domin tsofaffin hannu su gane abin da ake magana a kai. Na kuma janye kunne biyu, tagwayen Malama sun fi sauƙi a baki.

Mai gyaran wutar mota da jiragen ruwa:

Ranka ya daɗe, akwai wuri ɗaya da za a yi hattara da ita. Nagatif ɗin lasifika ba wayar komawa ba ce. A akwatunan yanzu duka wayoyin lasifika biyun ɗauke suke da sauti daga cikin amfilifaya, kuma idan aka haɗa mai baƙin zane da nagatif ɗin batir, ko aka tara na lasifika biyu wuri ɗaya kamar yadda ake samu a wasu tsofaffin jirage, akwatin zai ɗauke sauti don kare kansa ko ya ƙone. Wanda ke canza tsoho da sabo ya bi kowace waya har bakin lasifikarta kafin ya jona. Haka nan kada a ɗora lasifika biyu masu om 4 (om shi ne ma'aunin turjiya ga wuta) gefe da gefe a kan layi ɗaya, domin nauyin ya koma om 2, akwatin ya yi zafi ya riƙa yankewa da zarar an ƙara murya.

Sauran abubuwan ba sa bukatar sabon suna, a faɗe su yadda suke. Waya ta zama mai silli-silli ta jan ƙarfe da aka shafe da kuza, domin danshi, balle na ruwan gishiri, yana cin wadda ba a shafe ba ta koma kore a cikin robarta. Mahaɗa a matse ta da ƙarfe a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, murɗawa da naɗa salatif ba ya kai ko'ina a jirgi. Fiyus ya zauna kusa da inda aka ɗebo wuta, ƙa'idar ABYC inci 7 ce, kusan santimita 18, in ban da wuraren da ta yi togaciya. Lasifika kuma a nisanta ta da kamfas, saboda maganaɗisun da ke bayanta yana karkatar da allura. Idan an ji wani siririn kuka da ke tashi yana sauka tare da inji, daga altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, yake shigowa, kuma sau da yawa dalilin shi ne uwar rediyo da amfilifaya ba a wuri ɗaya aka ɗaure wayoyinsu na komawa ba. Idan kuwa kullum aka tashi jirgi sai an sake neman tashoshi, to ko an musanya ja da ruwan ɗorawa, ko kuma babban makunnin batir ne ke yanke duka biyun idan an kashe shi.

Malamar Hausa:

Saura kalma ɗaya da na tabbata za ta biyo baya a littafin, wato yanayin da duka layukan biyu ke aiki amma an juya wayoyin lasifika ɗaya, ta riƙa turawa lokacin da 'yar'uwarta ke ja. Me kuke ce masa a wurin aiki, Malam?

Mai gyaran wutar mota da jiragen ruwa:

Mukan ce an juya waya, shi ke nan. Alamarsa ita ce kaurin sautin ya ɓace, ganga ta zama kamar ana buga kwali, kuma idan ka karkata murya zuwa gefe ɗaya sai ka ji kaurin ya dawo. Ana ganewa da ƙaramin batir mai bolt 1.5: a cire wayoyin daga uwar rediyo, a taɓa su a kansa na ɗan lokaci, idan fatar lasifikar ta turo waje to wayar da ke kan fositif ɗin batir ita ce fositif.

Malamar Hausa:

To a rubuta "lasifikokin sun saɓa", maganinsa kuma "a daidaita su". Mai tambaya ya kula da nahawu a wuri ɗaya: tagwaye jam'i ne, saboda haka "tagwayen sauti ne" za a ce, kuma idan ana siffanta akwati a ce "rediyo mai tagwayen sauti".