Wace bindigar iska ce za ta dace da yaro ɗan shekara 10?

Assalamu alaikum. Ina Yawuri, gidanmu gidan farauta ne, kuma ɗana mai shekara 10 ya matsa sai an koya masa saiti. Bindigar toka ba ma a maganarta, naushinta ya fi ƙarfin kafaɗar yaro.

Na gwada shi da bindigar iska ta ƙanena, irin wadda ake karya bakinta a ɗana, mai ƙwayar dalma 4.5mm. Muka kafa kwali a jikin katangar ƙasa a gona, ina tsaye a bayansa. Abin ya ƙi. Gindinta ya yi masa tsawo, in ya ɗora a kafaɗa yatsansa ba ya kai wa kunama sai ya karkace jiki, kuncinsa kuma ba ya zama inda zai ga saiti. Nauyi na rinjayar bakinta ƙasa, ɗanawa ma sai ni. Na sa masa buhun yashi ya jingina, rawar hannu ta ragu, amma harbin duk ƙasa-ƙasa yake sauka. Yanzu gwiwarsa ta fara sanyi, abin da ya fi damuna ke nan.

Na san doka ba ta ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, don haka da sunana zan nema, a kulle kuma za ta zauna a wurina.

Don Allah masana, wace bindigar iska ce marar nauyi, mai gajeren gindi, da yaro kamarsa zai iya riƙewa daidai?