Idan Injin Jirgi Ya Mutu a Bahar Rum

Matuƙan jiragen ruwa masu filafilai (manyan yadudduka da iska ke bugawa ta tura jirgi) da suka tattauna kan abin da ke kashe inji a teku sun yarda cewa man dizal ne babban mai laifi. Igiyar ruwa kan motsa dattin da ya kwanta a tanki, ya toshe filta, inji ya shaƙe. Sai a canja filta, a fitar da iskar da ta shiga bututun dizal. In kuwa zafi injin ya yi, a leƙa salansa: rashin fitowar ruwan da ke sanyaya injin ta nan alama ce wataƙila robar famfon ruwan ta lalace, shi ya sa ake tafiya da safaya.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce a ɗaga filafilai tukuna, a nisanci duwatsu, sannan a taɓa sifana. Abu ya faskara? A kira tasha ta 16, wato tashar neman agaji, a rediyon VHF da jiragen ruwa ke magana da shi.