Me ke hana Majalisar Dattawan Amurka tabbatar da alƙali?

Ɗan Kurmi: Jama'a, idan shugaban Amurka ya miƙa sunan alƙalin tarayya, a ina ake yawan maƙalewa? Ba ƙuri'a kawai ake kaɗawa ba?

Barista: Malam, kafin ƙuri'a akwai binciken FBI, sannan kwamitin shari'a ya yi masa tambayoyi. Ga alƙalan kotunan gunduma kuma, shugaban kwamitin kan aika wata shuɗiyar takarda ga sanatoci biyu na jihar da kotun take, don su nuna amincewarsu. Ɗaya ya ƙi mayar da ita, bisa al'ada maganar ta tsaya cak. Ba doka ba ce, amma tana cizo.

Yar Zariya: Da sai an samu ƙuri'a 60 a rufe muhawara. 'Yan Demokrat suka soke wannan a 2013 ga ƙananan kotuna, 'yan Rifablikan suka ƙarasa da Kotun Ƙoli a 2017. Yanzu rinjaye kaɗan ya wadatar: da 52 da 48 Amy Coney Barrett ta wuce a 2020.

Barista: Haka ne, Hajiya. Amma jagoran masu rinjaye ke riƙe da jadawali. Merrick Garland, da Obama ya zaɓa wa Kotun Ƙoli a 2016, ko zaman sauraro McConnell, jagoran masu rinjaye na lokacin, bai bari an yi masa ba.