Allurar agogon mai tana faɗuwa idan injin ya yi zafi, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na cikin wannan zaure. Tirelar maigidana nake ja, mai silinda 6, lodin masara nake ɗauka daga Kaduna zuwa kudu. Sati biyu ke nan da aka yi mata juye aka canza filta. Da safe in na tayar da ita a Mararraban Jos, allurar agogon baƙin mai tana tsayawa a kan 4, lafiya lau. Amma kafin in kai Tafa, da injin ya ɗau zafi, in na ɗaga ƙafa daga totur ta koma silo, sai allurar ta zube ƙasa da 1, jar fitila ta riƙa ƙyaftawa. In na taka sai ta hau 2 da 'yan kai. Ba na jin wata ƙara. Wani bakanike ya ce a sauke injin, wani ya ce in zuba mai mai kauri in ci gaba da tafiya. Wallahi barci ya ƙaurace min, motar amana ce a hannuna, kuma da ita nake ci da iyali.

Tsohon direba, Mando:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kashe motar nan tukuna. Kada rashin ƙara ya ruɗe ka, ranar da ka ji ƙarar, kiranshaf, babban ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, ya riga ya tafi. Turbo ma ba ta jure ƙarancin mai ko kaɗan. Ka kira maigidanka yau ka faɗa masa gaskiya.

Bakanike, Panteka:
Ƙanena, duka shawarwarin biyu an yi gaggawa. Ba a sauke injin a kan maganar agogon gaban mota, domin sau da yawa sensa ce ta mutu ko wayarta ta goge. A kwance sensar, a ɗaura agogon gwaji na hannu a gurbinta, a bar injin ya yi zafi sosai, a karanta a silo, a sake karantawa an taka totur. Agogonka da bar yake lissafi, bar 1 kuwa kusan psi 14.5 ne, saboda haka ka lura da wane ma'auni ke kan agogon gwajin. DAF, MAN, Howo, kowace da adadin da kamfaninta ya rubuta, da shi za a gwada.

Abin da nake so ka gane shi ne famfon mai turo mai kawai yake yi. Matsin yana samuwa ne saboda man yana kutsawa ta 'yar siririyar tazarar da ke tsakanin kiranshaf da metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a cikinsu. In tazarar ta buɗe saboda metal ya cinye, ko man ya tsinke ya zama kamar ruwa, sai ya riƙa wucewa salin-alin, allura ta faɗi. Shi ya sa da safe kake ganin 4, man yana da sanyi da kauri. Mai mai kaurin da aka ce ka zuba zai ɗan ɗaga allurar, amma rufa-rufa ce, ciwon yana nan yana ci. Ka tsaya a kan 15W-40 in shi littafin motar ya ce.

Kafin komai ma, ka faka a wuri mai daidai, ka jira kamar minti 10, ka zaro geji, wato sandar auna mai. Ina man ya tsaya? Ka murza shi a yatsa, ka shinshina.

Mai tambaya:
Oga, na duba yanzu. Man ya wuce layin sama da kusan faɗin yatsa biyu, alhali ranar juye daidai layi muka tsayar da shi, kuma ban ƙara ko ɗigo ba. Ba shi da danƙo a yatsa, warin gas yake yi.

Bakanike, Panteka:
To ka gani. Baƙin mai ba ya haihuwa. In ya ƙaru da kansa, ko gas ne ya shiga ko ruwa. Da ruwan lagireto ne, da ka gan shi ya yi fari-fari kamar shayi da madara. Naka gas ne, ya tsinka man. A cire nozul duka shida a kai gwaji, a duba robobin injekta da sil ɗin famfon gas. Bayan gyara a zubar da man nan gaba ɗaya, har da filtar, ko da yake sabuwa ce.

Mai gyaran injin, Kakuri:
Na yarda da Oga, sai dai kada a jefar da tsohuwar filtar. A yanka ta, a warware takardar ciki a rana. In an ga ƙyalli-ƙyalli, musamman ja irin na tagulla, metal ya fara ci, sai an kwance kaskon ƙasa an duba. In an kwance ɗin kuma a wanke rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta, a duba bawul ɗin da ke rage matsi ko ya maƙale a buɗe.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi. Na yi magana da Alhaji, ya ce kada in motsa ta. Gobe da safe bakanike zai zo da agogon gwaji, ni kuma zan tsaya a kai har a yanka filtar a gabana. Zan dawo muku da abin da muka gani in sha Allah.