Wai Jefferson ne uban 'ya'yan Sally Hemings ko kuwa?

Sadiya: Salamu alaikum jama'a. Jiya a aji wani ya ce an gama tabbatarwa Thomas Jefferson, shugaban Amurka na 3, shi ne uban 'ya'yan baiwarsa Sally Hemings. Ni dai ban gamsu ba, don bayanan gidan ma sun saɓa wa juna. Jikansa namiji ya ce Peter Carr ne, jikarsa Ellen ta ce Samuel Carr ne, duka 'ya'yan 'yar'uwar Jefferson ɗin, to da wa za a yarda?

Malam Habu: Wa'alaikumus salam Sadiya. Ai wannan saɓanin nasu shi ya kayar da su. A 1998 an yi gwajin DNA ta layin maza, jinin zuriyar Eston, autan Sally, bai zo ɗaya da na gidan Carr ba sam, da na gidan Jefferson ya zo ɗaya.

Nura: Malam a yi haƙuri amma a nan ake yawan zamewa. Ba jinin Thomas aka gwada ba fa, shi bai bar ɗa namiji daga matarsa ba, zuriyar baffansa Field aka ɗebo, kenan gwajin cewa ya yi wani namiji ne daga gidan Jefferson, bai kama suna ba. Ƙaninsa Randolph fa? Kuma a 1808 da aka haifi Eston tsohon ya haura 60.

Malam Habu: Haka ne Nura, gwajin shi kaɗai bai isa ba, shi ya sa ake haɗa shi da littafin gona da Jefferson ya rubuta da hannunsa, inda yake sa haihuwar bayi. In ka lissafa wata 9 baya daga kowace haihuwar Sally za ka tarar yana gidansa na Monticello, mutumin da yake shafe watanni a waje saboda aikin gwamnati, kuma ba ta taɓa ɗaukar ciki ba ya nan ba. Sannan sunan Randolph sai bayan gwajin ya yi ƙarfi, jikokin nan da suka tashi a gidan babu wanda ya ambace shi.

Anti Balaraba: Ni abin da ke ci mini rai, Madison ɗan Sally da bakinsa ya faɗa wa jarida a Ohio a 1873 cewa Jefferson ne ubansu, ya ce tun a Faransa, lokacin da take can tare da Jefferson, aka yi wa uwarsu alkawarin 'yanta 'ya'yanta, kuma an 'yanta su ɗin, 2 an bari sun tafi a 1822, shi da Eston kuma a wasiyyar Jefferson ta 1826. Amma aka shekara sama da 100 ana fifita maganar jikoki farare kan tasa.

Sadiya: Anti to ai labarin baka ma yana kuskure. Zuriyar Thomas Woodson su ma sun gaji labarin cewa kakansu ɗan Jefferson ne, wai shi ne ɗan farin Sally, gwajin nan bai nuna haka ba.

Anti Balaraba: Gaskiya ne 'yata, amma Madison bai taɓa lissafa Woodson cikin 'yan'uwansa ba, cewa ya yi jaririn farko bai daɗe ba ya rasu. Kin ga gwajin maganarsa ya ƙarfafa.

Nura: To me ya hana Jefferson rubuta sunansa a matsayin uba?

Malam Habu: Ba kamar wajenmu ba ne da ɗan ƙwarƙwara ke bin ubansa har ya ci gado. A Bajiniya, yankin su Jefferson, tun 1662 doka ta ce ɗa uwarsa yake bi, in baiwa ce shi ma bawa ne, dukiya kawai. Ita Sally kanta ana cewa ubansu ɗaya da Martha matar Jefferson, wato John Wayles.

Nura: Na sauka daga kan Carr. Randolph kam zan sake duba ko ya zo Monticello a 1807 tukuna.